Amsa ga Baffa: abin da ya sa gawa ke kwana a Ingila

Baffa, Allah ya ƙara muku lafiya. Kun tambaya ko da gaske mu Hausawan Ingila muna barin mamaci ya kwana biyu, uku ba a kai shi makwancinsa ba, alhali a ƙauyenmu na ƙasar Ringim wanda ya cika da asuba, kafin azahar an dawo daga maƙabarta. Da gaske ne, amma ba wasa da sunna muke yi ba.

A nan ba a binne mutum sai da takarda. Likita zai rubuta abin da ya yi ajalinsa, a kai ofishin rajista cikin kwana 5, su ba da wata koriyar takarda, da ita maƙabarta ke karɓar gawa. In mutuwar fuju'a ce, sai jami'in bincike ya sa baki, nan abin ke jan lokaci. Namu shi ne shiri. Masallatai da yawa suna da ɗakin wanka, muna kuma karo-karo, domin a nan kabari ma saye ake yi. Wanda ya san kan ofisoshin ya bi takarda, in an dace washegari a yi sutura.

Jinkirin yana ci mana rai, amma lokacin korona ya yi rana. Da yake kowace mutuwa a rubuce take, hukumar ƙididdiga tana fitar da adadin mamata duk mako, ta gwada da abin da aka saba gani daga 2015 zuwa 2019. A Ingila da Wales an saba rasa mutum wajen 530,000 a shekara. A 2020 aka haura 600,000. A wani mako na Afrilu mamatan sun wuce 22,000, ninki biyu na yadda aka saba. Wannan ƙarin ake kallo, ko an yi wa mamaci gwajin korona ko ba a yi ba, har da mai ciwon zuciyar da tsoro ya hana shi zuwa asibiti.

To ku tuna Kano a wannan Afrilun. Masu haƙa kabari ne suka fara cewa aiki ya fi ƙarfinsu, aka yi ta musu, wasu na cewa zafi ne, wasu zazzaɓi. Sai daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mamata 979 a ƙananan hukumomi 8, kuma rabi ko fiye na iya zama korona ce, ta hanyar tambayar iyalai yadda ciwon ya kasance. Ina ga ƙauye, inda ba mai zuwa Hukumar Ƙidaya karɓar takardar mutuwa sai in gado ko fansho ya kama?

Ba ina nufin ku jinkirta jana'iza ba, Allah ya kiyaye. Amma da liman ko mai unguwa zai ajiye littafi, ya rubuta sunan mamaci da shekarunsa da watan da ya rasu kawai, da bayan shekara biyar za ku san ko zazzaɓin daminar bana ya fi na kullum ɗaukar yara. Ku gwada yi wa Liman maganar. A gaida su Inna.