Tambaya da Amsa: Maki Nawa Ke Kai Ɗalibi Tsangayar Injiniya?

Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma burina in karanta injiniyan lantarki a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A jarrabawar gwaji ta JAMB na samu 218. A makaranta ina cin B2 a Lissafi, C5 a Fiziks, C6 a Kemistiri. An ce mini da 180 ma ana shiga. Shin ina da rabo? Daga wani ɗalibi a Gusau.

Wa alaikumus salam, ɗana. Kana da rabo, amma ba da wannan makin ba tukuna. Wanda ya ce maka 180 bai yi ƙarya ba, sai dai rabin maganar ya gaya maka. Wannan lambar izinin zama jarrabawar tantancewa ce kawai, wadda ake kira Post-UTME. Bayan ita ne sashe zai jera masu nema daga mafi yawan maki zuwa ƙasa, ya ɗebi adadin da aka yarje masa, ya ja layi. Inda layin ya faɗa shi ne makin shiga na gaskiya, kuma yana canzawa kowace shekara gwargwadon yawan masu nema da ƙarfinsu. Lantarki, kwamfuta, kanikanci da gine-gine su ne suka fi cunkoso, don haka layinsu kan yi sama.

Kada kuma ka raina 218. A sakamakon farko da JAMB ta fitar a 2025, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi daga cikin sama da miliyan 1.9 ba su kai 200 ba. Damuwar ita ce waɗanda za ka yi gogayya da su a sashen lantarki daga cikin 'yan saman nan suka fito. Shawararmu, ka sa 250 a gabanka.

Ga yadda lissafin yake. Jarrabawar maki 400 ce, darussa huɗu, kowanne 100. Ga mai neman injiniya darussan su ne Turanci, Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Turanci tambaya 60 ne, sauran ukun 40 kowanne, jimilla 180 cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. A darasin da ke da tambaya 40, kowace amsa daidai tana kawo kimanin maki biyu da rabi. Ke nan tsakaninka da 250 bai wuce ƙarin amsa 13 ba. Ka nemo su a Fiziks da Kemistiri, domin nan ne rauninka, kuma nan ne gyara ya fi saurin nunawa.

Yawancin ɗaliban kimiyya lokaci ne ke kayar da su, ba rashin sani ba. Ka raba mintunanka tun daga gida: 25 ga Turanci, 20 ga Kemistiri, 30 ga Fiziks, 35 ga Lissafi, goma na ƙarshe don komawa kan waɗanda ka tsallake. Tambayar da ta ci maka minti guda ba ka ga bakin zarenta ba, ka wuce ta. Ba a rage maki don an yi kuskure, saboda haka kada ka bar ko ɗaya babu amsa. Ka saba da maɓallan da ake amfani da su: A zuwa D na zaɓen amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Kalkuletar ma a kan allon kwamfuta take, ƙarama ce, ba irin ta aljihunka ba. Ka riƙa yin tsofaffin tambayoyi da agogo a gefe, a kan kwamfuta in da hali, sau biyu a mako.

C6 ɗin nan na Kemistiri ya fi 218 tayar mana da hankali. Taki ɗaya ne tsakaninsa da D7, kuma D7 a Kemistiri na rufe ƙofar injiniya ko da ka ci 300 a JAMB. Ana buƙatar kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da ƙarin darasin kimiyya ɗaya. Inda ake zubar da maki a banza shi ne firaktikal. A Fiziks, ɗalibi zai zana giraf ƙarami a kusurwar takarda maimakon ya ci fiye da rabinta, ko ya manta da rubuta ma'auni a kan teburinsa. A Kemistiri, karatun biyuret, wato bututun gilashin da ake auna ruwan sinadari da shi, da lamba biyu bayan ɗigo ake rubuta shi, kuma sai karatun sun yi kusa da juna kafin a ɗauki matsakaicinsu. In ɗakin gwaje-gwajen makarantarku ba kayan aiki, ka roƙi malaminku ya haɗa ku da wata makaranta ko da sau uku ne kafin WAEC.

Sannan kada ka ajiye littafi bayan JAMB. Inda ake haɗa makin JAMB da na tantancewa a raba biyu, mai 230 da ya ci 270 zai tashi da 250, ya wuce mai 280 da ya yi sake ya ci 200, wanda zai tsaya a 240.

Malam, yarona ya ci 241 bara, ya nemi injiniyan kanikanci, shiru. Abokinsa mai 209 kuwa ya samu. Anya ba sai da hanya ake shiga ba? Daga wani mahaifi a Kano.

Alhaji, mun fahimci zafin da kake ji. Kafin a kai ga zargi, a duba abubuwa kaɗan, domin sau da yawa amsar tana cikin shafin yaron na CAPS, manhajar da JAMB ta fara ba da gurbi ta cikinta tun 2017.

Na farko, sakamakon WAEC ko NECO. Yaro kan yi rajista alhali sakamakonsa bai fito ba, in ya fito kuma sai ya manta bai koma cibiyar CBT, wato cibiyar jarrabawar kwamfuta da JAMB ta amince da ita, an ɗora shi ba. Wanda ba a ga sakamakonsa a CAPS ba, ba a duba shi, komai yawan makinsa. Wannan kuskuren ya cinye wa yara masu ƙwazo shekara guda. Na biyu, haɗin darussa. Wani mai shagon intanet zai sa wa yaro Bayoloji a madadin Kemistiri, kuma a yawancin kwasa-kwasan injiniya shi ke nan an fita daga layi. Na uku, zaɓi. Jami'o'in da ake rububinsu ba su cika waiwayar wanda ya sa su a zaɓi na biyu ba.

Akwai kuma tsarin rabon gurbi a jami'o'in tarayya: kashi 45 cikin ɗari na cancanta zalla, kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Yawancin jihohin Arewa suna cikin wannan rukuni na uku. Amma kowa da 'yan jiharsa yake takara a can, kuma jiha mai yawan masu nema irin Kano layinta kan fi na jihar da mutum kaɗan suka nema tsawo. Don haka mai 209 daga wata jiha, ko mai neman injiniyan aikin gona ko na albarkatun ruwa, zai iya shiga ta halastacciyar hanya ya bar mai 241 a waje.

Wani abin da ke faruwa kuma, jami'a kan miƙa wa yaro tayin sauya kwas ta CAPS, shi kuwa bai leƙa ba har wa'adi ya wuce. A bana ya riƙa buɗe shafinsa duk mako da kansa, kuma kada ya bar lambar sirrinsa a hannun kowa. Layin wayar da ya yi rajista da shi ma a adana shi.

Na samu D7 a Kemistiri a WAEC amma C4 a NECO, kuma JAMB ɗina 196. In haƙura da injiniya? Daga wata ɗaliba a Azare.

Kada ki haƙura, 'yata. Yawancin jami'o'i suna karɓar sakamako biyu a haɗe, sai dai wasu, irin Jami'ar Legas, zama ɗaya suke so. Ki duba ƙasidar JAMB ta kwasa-kwasai kafin ki zaɓa.

Da 196, kwasa-kwasan da suka fi cunkoso za su yi wuya a bana. Kina iya sauya jami'a ko kwas ta JAMB, ki duba Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke jiharku, ko ta Aliko Dangote a Wudil, ko ta Modibbo Adama a Yola, ki nemi sashen da bai cika cunkoso ba. In kuma zuciyarki na kan kwas ɗaya, akwai IJMB, karatun kusan shekara guda na Lissafi, Fiziks da Kemistiri, wanda in kin yi sakamako mai kyau zai kai ki aji biyu kai tsaye. Difloma ta shekara biyu a kwalejin fasaha irin ta Kaduna ma tana kaiwa can, kuma mai ita kan zo jami'a hannunta ya riga ya saba da kayan aiki. Ki sani dai gurbin shiga kai tsaye kaɗan ne, masu sakamako na sama ake ɗauka.

Duk inda za ki je, ki tabbatar hukumar NUC mai kula da jami'o'i da majalisar COREN mai rajistar injiniyoyi sun amince da wannan kwas ɗin a wannan jami'ar. Amincewar kwas-kwas ake bayarwa, ba ta jami'a ɗungurungum ba, kuma wadda ta yi shekara biyar a kwas ɗin da COREN ba ta amince da shi ba za ta sha wahala wajen yin rajistar zama injiniya.