Goge Mafi Ƙanƙanta a Duniya: Yadda Bahaushe Yake Jajen Gatse

Wani ɗalibi daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Malam, na ga wani attajiri a Amurka yana kukan harajin da aka ɗora masa, sai masu mayar masa da martani suka yi ta cewa bari su kaɗa masa goge mafi ƙanƙanta a duniya. Me suke nufi, kuma da wace kalma ko karin magana Bahaushe zai faɗi irin wannan?"

Abin da suke nufi shi ne kukan nasa bai cancanci tausayi ba. Maganar tana tafiya ne tare da ishara: mutum zai haɗa babban yatsa da manuniya ya riƙa murza su a hankali, kamar yana goga wani ɗan mitsitsin goge da ido ba ya iya gani, sannan ya ce wa mai kukan, ga kiɗan juyayi nan ana yi dominka. Ƙanƙantar gogen ita ce ma'aunin tausayin da ake ji masa. Gogen da ake nufi kuwa shi ne na Turawa mai tsirkiya huɗu, wanda ake ɗorawa a kafaɗa a tallafe da haɓa, kuma ba a banza aka zaɓe shi ba, domin a kunnen Bature sautinsa ya daɗe da zama sautin baƙin ciki. A zamanin finafinan da ba su da murya, wato kafin ƙarshen shekarun 1920, makaɗa ne suke zama a gidan sinima suna raka hoto da kiɗa, kuma da zarar an zo wurin maraici ko rabuwa ko mutuwa sai a saki kiɗa mai sa hawaye. Akwai wani kiɗa mai suna Hearts and Flowers da Theodore Moses-Tobani ya fitar a 1893, wanda aka yi ta maimaitawa a irin waɗannan wurare har ya gundiri jama'a, ya koma abin da ake kwaikwaya idan ana so a ce wa mutum ya cika neman tausayi. Daga kwaikwayon goga babban goge da hannu biyu aka gangaro zuwa ɗan ƙarami na yatsu biyu. Shirin talabijin na Amurka mai suna M*A*S*H ya taimaka wajen yaɗa maganar a shekarun 1970, sannan fim ɗin Reservoir Dogs na Quentin Tarantino, wanda ya fito a 1992, ya ƙara mata suna.

Wannan fim ɗin yana da abin lura. Wanda ya murza yatsun a cikinsa mutum ne da ya ƙi ba da ɗan ihsanin da aka saba bai wa mata masu kai abinci a gidan cin abinci, da abokansa suka tuna masa cewa albashinsu bai taka kara ya karya ba, sai ya yi musu wannan ishara. Ke nan ba kullum ne ake jifan mai ƙarfi da maganar ba. Wani lokaci marar tausayi ne yake fakewa da ita.

A Hausa, sunan wannan salon magana gatse. Gatse shi ne a faɗi abu alhali kishiyarsa ake nufi, kuma a faɗe shi ta yadda mai hankali zai gane. Yaro ya fasa tulu, uwa ta dube shi ta ce, "Ka kyauta, sannu da aiki." Ya kamata a raba shi da 'yan'uwansa da ake yawan cakuɗa su. Habaici magana ce da ake yi da mutum ba tare da an kama sunansa ba, a bar shi ya tsargu. Zambo yakan fito fili ya siffanta mutum da muni, kuma makaɗan fada ne suka fi shahara da shi. Ba'a wasa ce da dariya a cikinta, izgili kuwa ba'a ce da raini ya shige ta. Abin da ya keɓe gatse shi ne kalmominsa a zahiri masu daɗi ne, murya da yanayi ne kawai suke juya su. To, ɗan gogen Turawa jaje ne na gatse, kuma Bahaushe yana yin sa da kalmomin jajen gaske: sannu, ayya, wayyo, Allah sarki. Sai dai yakan ja wasalin fiye da kima, ko ya taɓe baki, ko ya riƙe haɓa kamar wanda abin ya girgiza shi.

Amma idan ana neman magana guda da ta fi dacewa da attajirin da ka ambata, ita ce kukan daɗi. Kalmomi biyu ne kacal, kuma sun ƙunshi hukuncin gaba ɗaya: akwai kuka, amma daɗi ne ya haife shi. Mai motoci uku da yake ƙorafin rashin wurin ajiye su kukan daɗi yake yi, haka ma wanda ya ce ya gaji da cin nama kullum. A ganina wannan ta fi ta Turawan kaifi ta wata fuska, domin tasu tana nuna ƙarancin tausayin mai sauraro ne kawai, tamu kuwa tana faɗin dalilin da ya sa aka hana tausayin. Idan kuma abin da ya sami mutum na gaske ne amma ƙarami, shi kuwa ya cika gari da kururuwa, ba kukan daɗi ba ne, raki ne. Mai raki shi ne wanda ƙaya za ta soke shi ya yi kamar an yanke masa ƙafa. Idan ya yi ta nanata ƙorafin ba ya gajiya, mita ce. Idan yana yi ne don a lallashe shi, shagwaɓa ce. Kowanne daga cikin huɗun nan zai iya jawo wa mai shi jajen gatse, amma ba laifi ɗaya ba ne, kuma mai son ya yi Hausa daidai zai zaɓi wadda ta dace da halin.

Akwai kuma wata dabara ta nahawu da Hausa take da ita don wannan aiki, wadda ban ga ana kula da ita sosai ba. Ita ce a sa "su" a gaban sunan mutum ɗaya, sannan a bi shi da "an" maimakon "ya" ko "ta". A kwatanta "Alhaji ya shiga uku" da "Su Alhaji an shiga uku, yau babu man shanu a tuwo." Jimla ta farko labari ce, za a iya jin ta a tausaya. Ta biyun kuwa ta kumbura mutumin ta mai da shi jama'a, sannan ta janye shi daga cikin aikin kamar ana ba da labarin wani babban al'amari, sai ƙarshenta ya zo ya nuna ƙanƙantar abin. Wannan siga tana da amfani musamman a rubuce, inda babu murya babu fuska. Wanda ya rubuta "Allah sarki" kaɗai a ƙarƙashin kukan wani, ana iya ɗauka da gaske yake yi, har mai kukan ya yi masa godiya. Wanda ya rubuta "Ayya, su wane an sha wuya" ba a cika kuskure masa ba.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta ce a Maraɗi, wadda ta ce: "Tun da muna da goge da kukuma, kuma kukuma ƙaramin goge ce, me zai hana mu ce bari in kaɗa maka kukuma, mu sami tamu?"

Malama, shawarar tana da ban sha'awa, amma ba za ta yi aiki ba, kuma dalilin yana cikin abin da kayan kiɗan biyu suke nufi a wurinmu. Gaskiya ne kukuma ƙanwar goge ce: dukansu ƙoƙo ne da aka rufe da fata, da tsirkiya guda ta izgar doki, ana goga ta da ɗan baka wanda shi ma izga ce. Sai dai Bahaushe bai taɓa jin goge ya tuna da makoki ba. Goge kiɗan rawa ne da nishaɗi, kuma kiɗan bori ne tare da garaya, shi ya sa ma malamai suka daɗe suna kallon sa a karkace. Wanda ya ji sunan Garba Liyo mai goge, ko Ahmadu Doka da Ibrahim Na Habu da Garba Supa masu kukuma, dandali da biki ne suke faɗo masa a rai. Ga shi kuma a al'adarmu ba a raka baƙin ciki da kiɗa. Gidan da aka yi rashi shiru ake yi da addu'a. Saboda haka idan kika ce wa mai kuka za ki kaɗa masa kukuma, abin da zai fahimta shi ne za ki yi murna da abin da ya same shi, wato kin tashi daga "kukanka bai kai a tausaya ba" kin koma "na ji daɗin wahalarka". Wannan dariyar ƙeta ce, kuma ta fi abin da Turawan suke nufi nauyi nesa ba kusa ba. Ita ma isharar yatsun ba za ta tsallako lafiya ba, domin murza babban yatsa da manuniya a wurin mutane da yawa alamar kuɗi ce, sai mai kukan ya zaci cewa ake ya biya.

Tun da ana maganar ƙanƙanta, a 2025 masana kimiyyar fiziks a Jami'ar Loughborough da ke Ingila sun zana siffar goge da ƙarfen filatinam, tsawonsa maikiron 35, faɗinsa 13, alhali maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ba ya kaɗuwa, sai da madubin ƙara girma ake ganin sa, kuma sun yi shi ne don gwada na'urar zane da suke bincike da ita, amma wannan karin maganar ce ta sa suka zaɓi goge.

Na uku wani mai karatu ne daga Kumasi, ya ce ya ji tsofaffi a zango suna cewa wanda bai ji bari ba ya ji hoho, yana so ya san ko mene ne hoho, kuma ko karin maganar daidai take da ta gogen.

Hoho tsohuwar kalmar jaje ce, irin abin da ake faɗa wa wanda wani abu marar daɗi ya sama, kuma yau ta kusa ɓacewa daga bakin matasa in ban da a cikin wannan karin magana. Ma'anar ita ce wanda aka gargaɗe shi ya ƙi ji, abin da ya rage masa shi ne ya ji ana yi masa sannu bayan ɓarna ta auku. Tana kusa da ta gogen ta wajen cewa akwai jaje a ciki kuma jajen ba mai sanyaya zuciya ba ne, amma ba ɗaya suke ba. A kukan daɗi da raki, abin da ake musu a kai shi ne girman wahalar: ana cewa babu ita, ko ba ta kai yadda ake faɗa ba. A hoho kuwa an yarda wahalar ta gaske ce, tana iya ma zama babba, abin da ake cewa shi ne mai ita ne ya jawo wa kansa. Danginta su ne tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, da kowa ya ɗebo da zafi bakinsa, da wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Idan aka cire sakayar gaba ɗaya sai a ce "maganinka ke nan" ko "Allah ya ƙara", waɗanda ba gatse ba ne ko kaɗan, domin abin da ke zuci ne aka faɗa tsirara. Akwai kuma mataki na wanda bai damu ba sam, ba ya jaje ko na ƙarya, sai ya ɗaga kafaɗa ya ce "oho", ko ya cika ta da ko a jikina, an tsikari kakkausa.

Abin da ya kamata mai koyon waɗannan maganganu ya riƙe tare da ma'anarsu shi ne wa ake faɗa wa su. Jajen gatse yana tafiya daga babba zuwa ƙarami, ko tsakanin tsara, ko tsakanin abokan wasa, kamar taubasai, da jika da kaka, da Fulani da Barebari, inda al'ada ta riga ta ba da izinin a taɓa juna ba tare da an ji haushi ba. Ɗa ba ya yi wa mahaifinsa, ɗalibi ba ya yi wa malaminsa, kuma suruki ba wurin gwada shi ba ne. Haka nan yana da iyaka ta fuskar abin da ya faru. Hausa ta ware jaje ga gobara da sata da haɗari da asarar dukiya, ta ware ta'aziyya ga mutuwa, kuma wanda ya shigar da gatse a ɗaya daga cikin waɗannan ba za a kira shi mai barkwanci ba, za a ce ba shi da tarbiyya. A nan ne ake tuna masa cewa in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ko a inda gatsen ya halatta, ni na fi son a yi shi da "ayya" ko "sannu" a bar "Allah sarki", saboda sunan da ke cikinta, kuma na san dattawa da yawa da za su tsawata wa yaro idan suka ji ya ja ta da muryar ba'a.