Muryar Kawu a zauren ƙwallo: wa ya fi cutar Super Eagles a kofin Afirka?

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri da murya, idanuna ba sa son rubutu da daddare. Abba, na saurari abin da ka tura, inda kake cewa ba don Kamaru da alƙalan wasa ba da yanzu Najeriya ta kamo Masar a yawan kofin Afirka. To ɗana, akwai gaskiya a maganarka, amma rabi ce. Bari in kawo maka ɗaya rabin, tun da ni na riga ka ganin wasu abubuwan.

Masar kofi 7 gare ta, Kamaru 5, Ghana 4, mu kuma 3: 1980, 1994 da 2013. Amma sau 8 muka je wasan ƙarshe. Ka ga kenan sau 5 muna zuwa bakin tukunya mu dawo da kwano wayam, kuma uku daga ciki Kamaru ce ta kore mu. A nan kam ban musa maka ba.

Na 1980 ina yaro, a rediyo muka ji shi. Babanmu, Allah ya ji ƙansa, ya ɗora rediyon a kan turmi a tsakar gida, ya ce duk wanda ya yi tari sai ya fita. Lokacin ma Green Eagles ake ce musu. A Legas aka buga, filin Surulere, muka ci Aljeriya 3 da nema, Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Kocin ɗan Brazil ne, Otto Gloria, kyaftin kuma Christian Chukwu, shi ya karɓi kofin daga hannun Shugaba Shehu Shagari. Aka ba 'yan wasan gidaje da motoci Fijo. Mu a lokacin mun ɗauka shi kenan, kofi ya zama namu, duk bayan shekara biyu sai dai mu je mu ɗauko.

Ina! 1984 a Abidjan, Muda Lawal ya fara ci, Kamaru ta farke ta ƙara biyu, 3 da 1. Wannan babu wani alƙali a ciki, sun fi mu ne kawai, su Roger Milla suna kan ganiyarsu. 1988 a Kasablanka, nan ne zan ba ka gaskiya. Henry Nwosu ya sa kai ƙwallo ta shiga, aka ce satar gida. Har gobe tsofaffi irina ba su yarda ba. Daga baya aka ba Kamaru fenareti, Emmanuel Kunde ya buga, 1 da nema. 1990 kuma Aljeriya ta rama abin da muka yi mata, a gidanta. Ta fara lallasa mu 5 da 1 a wasan buɗe gasa, muka lallaɓa muka kai ƙarshe, ta sake cin mu 1 da nema. Wato sau uku cikin shekara shida muna ta biyu.

To yanzu ka natsu, don nan ne maganar take.

Tawagar 1994, ni dai ban taɓa ganin irinta ba, kuma ban ce zan sake gani ba. Clemens Westerhof, Bature ɗan Holan, ya yi shekaru yana gina ta. Rashidi Yekini a gaba, wanda a Kaduna aka haife shi, ya fara ƙwallo a ƙungiyar masaƙa ta UNTL, Hausa a bakinsa kamar ni da kai. Daniel Amokachi shi ma ɗan Kaduna, daga Ranchers Bees ya fito. Ga Okocha, ga Oliseh, ga Finidi, ga Peter Rufai a raga. Yekini ya ci ƙwallo 5 a gasar da aka yi a Tunisiya, babu wanda ya kai shi. Wasan ƙarshe da Zambiya ne, kuma wallahi ranar zuciyar mutum ta rabu biyu, domin shekara guda kafin nan jirgin 'yan wasansu ya faɗi a teku kusa da Gabon, suka rasu gaba ɗaya, wannan sabuwar tawaga ce aka haɗa. Su suka fara ci ma tun wasa bai yi nisa ba. Sai Emmanuel Amunike ya farke, ya sake ƙarawa bayan hutu, 2 da 1. A shekarar FIFA ta sa Najeriya ta 5 a duniya. Ta biyar fa Abba, a duniya, ba a Afirka ba.

Wannan tawagar, da kofi a hannunta, me ya same ta a 1996? Ba ta je ba. Ba Kamaru ce ta hana ta ba, ba alƙalin wasa ba ne. A Nuwamban 1995 gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye ɗan fafutukar Ogoni Ken Saro-Wiwa da mutanensa takwas, Mandela ya fito ya yi kakkausar suka, ya nemi a ladabtar da Najeriya. Gasar kuma a Afirka ta Kudu za a yi. Sai gwamnati ta ce 'yan wasa ba za su je ba, wai babu tabbacin tsaron lafiyarsu. Hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ce to tun da haka ne, 1998 ma a Burkina Faso ku zauna a gida. Gasa biyu a jere, babu mu. Afirka ta Kudu ta ɗauki na 1996, Masar ta ɗauki na 1998.

Ka san abin da ya fi ci min rai? A cikin wannan shekarar ta 1996 yaranmu suka je Atlanta suka ci Brazil 4 da 3, suka ci Ajantina 3 da 2, suka ɗauko zinaren Olamfik. Su Kanu, su Okocha, su Amokachi, da Tijjani Babangida da Garba Lawal, su ma 'yan Kaduna. Ban ce maka lallai da mun je sai mun ci ba, ƙwallo ba ta da rantsuwa. Amma mai cin Brazil a watan Yuli, ai ba zai ji tsoron kowa a Afirka a watan Janairu ba. Shekarun da suka fi ƙarfi, a gida suka yi su suna kallon talabijin kamar mu. Shi ya sa idan yara suka fara lissafin alƙalai nake cewa ku fara da wannan tukuna.

Sai 2000, da muka dawo. Mu da Ghana muka karɓi baƙunci, kuma Kano ma ta samu rabo, rukunin su Masar da Senegal a filin Ƙofar Mata aka ajiye shi. Na shiga kallo sau biyu da tikitina, rana tana dukan ƙeya, masu fiya wata suna cin kasuwa. Namu wasannin a Legas ake yi. Aghahowa ya cece mu a hannun Senegal da ƙwallo biyu, Tijjani Babangida ya zuba wa Afirka ta Kudu biyu a wasan kusa da na ƙarshe, ranar kam 'yan Kaduna ba a iya magana da su.

Wasan ƙarshe, 13 ga Fabrairu, da Kamaru. A shagon wani tela muka kalla a unguwarmu, mun fi mu talatin a ɗakin da bai fi na mutum goma ba, an ɗauke wuta, janareto yana ta tari a waje. Kafin ka ce kwabo Eto'o ya ci, Mboma ya ƙara. Shago ya yi tsit, har ƙarar allurar keke za ka ji in da ana ɗinki. Raphael Chukwu ya rage ɗaya kafin hutu. Ana dawowa Okocha ya saki wata daga nesa, da ƙafar hagu, ta shige. Wani bawan Allah ya yi tsalle ya bugi fankar sama, bai ma san ya ji ciwo ba sai da aka nuna masa jini. Aka tafi fenareti. Kanu ya ɓarar da nasa, wannan mutane suna mantawa da shi. Sai Victor Ikpeba ya buga, ta daki ƙarfen sama, ta sauka bayan layi, ta fito. Duk wanda yake gaban talabijin ya ga ta shiga da aka maimaita. Alƙali ɗan Tunisiya, Mourad Daami, ya ce ba ta shiga ba. Shi kansa Ikpeba maimakon ya ruga da murna sai ya ɗora hannu a ka, ka ga ai ya taya alƙali yanke hukunci. Rigobert Song ya buga na ƙarshe, 4 da 3. Telan nan bai ce wa kowa uffan ba, ya tashi ya kashe janareto, muka fita cikin duhu ɗaya bayan ɗaya. Wannan na ba ka, an cuce mu.

Bayan nan sai zamanin tagulla: 2002, 2004, 2006, 2010, duk na uku. Har ya zama abin tsokana. 2012 ko zuwa ba mu yi ba.

Na 2013 shi ne wanda ba wanda ya zata. Marigayi Stephen Keshi, wanda shi ne kyaftin ɗin tawagar 1994, ya bar wasu manya a gida ya kwashi yaran da ke buga gasar cikin gida, aka yi ta zaginsa. Da aka haɗa mu da Ivory Coast ta su Drogba da Yaya Toure, mutane sun riga sun yi mana ta'aziyya. Emenike ya ci, Sunday Mba ya ci, 2 da 1. Muka ba Mali 4 da 1, har Ahmed Musa namu, tsohon ɗan Kano Pillars, ya sa tasa. A ƙarshe Mba ɗin nan dai, ɗan wasan gida, ya ci Burkina Faso 1 da nema a Johannesburg. Ka lura da garin. Wurin da aka hana mu zuwa a 1996, can muka je muka ɗauko bayan shekara 17. Keshi ya zama mutum na biyu da ya ci kofin yana ɗan wasa kuma ya ci yana koci, bayan Mahmoud El-Gohary na Masar.

Kuma me ya biyo baya? 2015 ba mu samu gurbi ba, 2017 ma haka. Mai riƙe da kofi ya kasa zuwa kare shi, ana ta rigimar shugabanci da canjin koci. Wannan ma a rubuta wa Kamaru?

Ita Kamarun ma ai mun fara rage bashi. Mun fitar da ita a 2004 da bugun tazarar Okocha, mun fitar da ita 3 da 2 a Masar a 2019, Lookman ya zuba mata biyu a Abidjan a 2024. Sai dai duk ba a wasan ƙarshe ba ne, shi ya sa bai wanke min zuciya ba. Na Garwa ta Kamaru kuwa, a Janairun 2022, 'yan Yola da Mubi suka tsallaka suka cika fili kamar a gida muke, muka cinye wasa uku na rukuni, sai Tunisiya ta zo da ƙwallo ɗaya ta Msakni ta sallame mu. Wasan ƙarshe na 2024 da Ivory Coast kai ma ka gani da idonka, Troost-Ekong ya ci da kai, muka koma baya muna tsaron ɗaya tilo, Kessie ya farke, Haller ya ƙarasa mu.

Saboda haka lissafina ga shi: 1988 da 2000 na bar maka su, ka ɗora wa alƙalai. 1996 da 1998 da 2012 da 2015 da 2017, gasa biyar, mu da hannunmu. Alhaji, kai da ka je Legas a 2000 ka shiga filin, don Allah ka turo mana murya, daga inda kake zaune an ga ƙwallon Ikpeba ta tsallake layi ko sai da kuka dawo gida kuka ji? Sai da safe.