Tambaya da Amsa: Kakana ya haɗa ya da ƙanwa tun kafin ya musulunta, wai mu ba 'ya'yan halak ba ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni a Bolari nake zaune cikin Gombe amma asalinmu can wajen Kaltungo ne. Maganan da ke damuna shine kakana wanda ya haifi babana ya auri mata biyu ya da ƙanwa, uwa ɗaya uba ɗaya, lokacin suna addinin gargajiya har burkutu a gidan ake dafawa, sai da ya manyanta ya musulunta, kuma ƙanwar ce ta haifi babana. Toh ranan da aka zauna rabon gona sai wani ɗan baffana ya buɗe baki gaban mutane yace ai mu ba 'ya'yan halak bane tunda haramun ne haɗa ya da ƙanwa. Wallahi tun ranan barci ya gagare ni. Malam shin dokan Allah tana waiwayawa baya ta kama wanda ya yi abu tun bata iso shi ba? Sannan wani abokin aikina Kirista yace su ma suna wannan muhawaran, wai kafin a saukar da doka akwai zunubi ko babu?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa je ka yi barcinka. Babanka ɗan halak ne, kai ma haka, shi kuma ɗan baffan naka gona yake so ba fiƙihu ba.

Ayar da yake jifanku da ita ita ce aya ta 23 a Suratun Nisa'i, kuma da ya daure ya ƙarasa ta da bai yi wannan katoɓarar ba, domin daidai inda Allah ya hana haɗa 'yan'uwa mata biyu nan take ya ce "illa ma ƙad salafa", sai dai abin da ya riga ya wuce. Haka ma a aya ta 22 da ta hana mutum auren matar ubansa. An ma yi irin naku sak a zamanin Annabi (SAW). Fairuzud Dailami ya musulunta yana auren ya da ƙanwa, aka ce ya zaɓi ɗaya ya rabu da ɗaya, shikenan. Gailan ɗan Salama mutumin Ɗa'ifa mata goma gare shi, aka ce riƙe huɗu. Ba a yi musu bulala ba, ba a ce su sake ɗaurin aure ba, babu wanda ya sheganta musu 'ya'ya. Ko Risala da ake karantawa a zaurukanmu ta faɗa, kafirai biyu in suka musulunta suna nan a kan aurensu. Kai in da za a bi lissafin ɗan baffanka ai manyan sahabbai ma ba su tsira ba, tunda iyayensu a jahiliyya suka yi aure, amma har gobe Umar ɗan Khaɗɗabi ake cewa.

Abin lura anan, shari'a ta bar abin da aka gama, amma wanda ake cikin yi ta tsayar da shi daga ranar da ta zo. Shi ya sa Fairuzu bai ci gaba da zama da su biyun ba. In kakanka ya ci gaba da riƙe su bayan ya musulunta wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ya danganta da ko an sanar da shi ko ba a sanar ba, kuma bai shafi babanka da aka haifa tun kafin nan ba. Matuƙar kakan ya rasu yana Musulmi babanka ma Musulmi, rabonsa daidai yake da na baffanka, in sun ƙi ku je gaban alƙali.

Burkutun ma kar ta dame ka. Giya sai da aka bi ta mataki-mataki, Baƙara 219, sai Nisa'i 43 da ta ce kar a kusanci sallah cikin maye, sannan Ma'ida 90 ta rufe ƙofar. Anas ɗan Malik yana cikin zuba wa mutane a gidan Abu Ɗalha aka ji mai shela, nan take aka kifar da tuluna har ta kwarara a lungunan Madina. Sai hankalin mutane ya tashi, to 'yan'uwanmu da aka kashe tana cikin cikinsu fa? Don akwai waɗanda suka sha da safiyar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira, kuma a ranar suka yi shahada. Sai Ma'ida 93 ta sauka tana cewa babu laifi a kansu. Da aka juya alƙibla ma bayan wata 16 ko 17 ana fuskantar Baitul Maƙdis an yi irin wannan tambayar, Baƙara 143 ta ce Allah ba zai tozarta imaninku ba, ba wanda ya rama ko raka'a ɗaya.

Tambayarka ta biyu ita ce mai ƙashi, kuma malamai sun daɗe suna ja-in-ja a kai. Mu'utazilawa, wata tsohuwar ƙungiyar malaman aƙida, suka ce hankali kaɗai ya isa ya gane kisa da zalunci mummuna ne, don haka ko manzo bai zo ba akwai kamu. Ash'arawa, mabiya Abul Hasanil Ash'ari da ya rasu a 324 bayan hijira, waɗanda yawancin littattafan tauhidin da kakanninmu suka karanta nasu ne, suka ce a'a, ba wajibi ba haramun sai shari'a ta faɗa, hujjarsu Isra'i 15, ba mu kasance masu azabtarwa ba sai mun aiko manzo. Ibnu Taimiyya ya bi tsakiya, kuma ni nan hankalina ya fi kwanciya: munin abu yana nan tun kafin saƙo ya zo, amma azaba sai bayan ya zo. Duba fa, tun Annabi Musa bai taka fadar Fir'auna ba Allah ya ce masa tafi wajen Fir'auna lallai ya yi ɗagawa, ka ga an kira abin da sunansa tun kafin a yi masa wa'azi. Balaraben da ke tona rami ya binne 'yarsa da rai shi ma ya san ba abin kirki yake yi ba, ba sai an karanta masa aya ba.

Sannan wai ma yaushe aka taɓa yin zamanin da babu umarni kwata-kwata? Iblis umarni ya ƙi bi. Annabi Adamu sai da aka ce kar ku kusanci wannan bishiya. Ƙabila da ya kashe Habila ubansa annabi ne, kuma kafin ya ɗaga hannu ɗan'uwan nasa ya ambata masa zunubi da wuta ƙarara a Ma'ida 29. Abin da ake samu shine mutanen da saƙon bai kai gare su ba ko ya kai a gurɓace, su ake kira ahlul fatra, kuma akwai hadisin Aswad ɗan Sari'u a Musnadin Imamu Ahmad cewa za a yi musu tasu jarrabawar ranar ƙiyama. Don haka kakannin kakanka da suka mutu kan duwatsun can ba su taɓa jin kiran sallah ba, ni ba zan raba musu masauki ba, kai ma kar ka bari wani ya raba. Abokin aikinka kuwa gaskiya ya gaya maka, a Romawa 5:13 Bulus ya ce zunubi na duniya tun kafin Shari'a amma ba a lissafa shi inda babu shari'a, sai dai su sun ɗora zancen a kan gadon zunubin Adamu, mu kuma ba mu da wannan, wani ba ya ɗaukar kayan wani.

Ko kotunanmu haka suke tafiya. A Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallami Safiya Hussaini, matar da aka yanke wa hukuncin jifa kan zargin zina, cikin dalilan har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru kafin dokar ta fara aiki. Sashe na 36(8) na tsarin mulkin 1999 ma abin da ya ce kenan. Sojoji ne suka taɓa yin akasin haka da Doka ta 20 ta 1984, aka harbe mutum uku a 1985 kan safarar ƙwaya, cikinsu har da wanda ya yi laifin tun bai zama na kisa ba, kuma har yau ana yi musu gorin abin.

TAMBAYA: Malam ni 'yar kasuwa ce a Muda Lawal, Bauchi. Na daɗe ina ba mata bashi, in na ba da dubu goma a dawo min da sha biyu, wallahi ban san riba bane sai da na shiga Islamiyyan matan aure. Na ji ance abin da ya wuce ya wuce, haka ne?

AMSA: Hajiya a nan kam sai na ɗan taka miki birki. Haramcin riba ba jiya ya sauka ba, kuma a Bauchi kike inda ko rediyo kika kunna da azumi tafsiri ne, wanda hukunci bai iso shi ba daban, wanda bai tambaya ba daban. Duk da haka tunda kin ji kin daina, muna kyautata zaton Allah ya karɓi tubanki. Wanda ke hannun mutane yanzu uwar kuɗinki kawai za ki karɓa, Baƙara 279, ko a hajjin bankwana a shekara ta 10 ribar Abbas baffan Annabi aka fara sokewa. Wanda kika riga kika karɓa cikin rashin sani malamai sun saɓa, wasu sun ce naki ne saboda Baƙara 275, wasu sun ce a mayar. Ni dai shawarata ki ɗauko littafin bashin nan, matan da kika sani kuma kina ganinsu kullum a kasuwa ki mayar musu da dubu bibbiyunsu ko da kaɗan-kaɗan ne, ko ki nemi su yafe da bakinsu, waɗanda suka ɓace miki ki yi sadaka da shi a madadinsu.