Ajiyar Ko-ta-kwana a Gidan Haya: Tambayoyinku da Amsoshinmu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu biyar ne, ni da maigidana da yara uku, muna haya a ɗaki biyu a saman bene. Kullum ana ta cewa a yi tanadi saboda ɗaukewar ruwa da wuta, ko ambaliya, ko dokar hana fita. To amma albashin ko ƙarshen wata ba ya kaiwa, wurin ajiyar ma babu. Da me zan fara? Daga wata uwar gida.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da ruwa, domin shi ne ya fi arha, kuma rashinsa ya fi saurin galabaitar da mutum. Lissafin da hukumomin agajin gaggawa suka saba bayarwa shi ne lita 4 ga kowane mutum a rana, na sha da ɗan girki da wanke hannu, na aƙalla kwana 3. A gidanki lita 60 ke nan, wato jarka uku masu cin lita 20. Lokacin zafi, ko in da mai shayarwa ko mara lafiya, a ƙara. Ko Tarayyar Turai da ta shawarci mutanenta a watan Maris na 2025 su yi tanadi, awa 72 ta ambata. In kin cika na kwana ukun, sai ki riƙa ƙarawa sannu a hankali zuwa na mako biyu, lita 280.

Ba sai kin sayi sabuwar jarka ba. Manyan gorunan lemon kwalba na roba suna yi sarai, kuma suna shiga ƙarƙashin gado da bayan ƙofa, inda jarka ba za ta shiga ba. Gorar da aka zuba madara ko ruwan 'ya'yan itace kam a bar ta, don maiƙonta da zaƙinta ba sa fita duka, ƙwayoyin cuta kuma a kansu suke hayayyafa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko kananzir ko maganin ƙwari ta haramta ga ruwan sha har abada, ko sau nawa aka wanke ta, saboda roba tana tsotse sinadarin ta riƙa sakinsa a hankali.

Ga yadda ake cikawa. A wanke da sabulu a ɗauraye. A zuba cokalin shayi ɗaya na bilicin wanki mara ƙamshi a cikin lita ɗaya na ruwa, a juye a jarkar, a rufe, a girgiza har ya taɓa ko'ina, a bar shi rabin minti, a zubar, a kife ta ta bushe. In ruwan famfo ne wanda hukuma ta riga ta sa wa kulorin (sinadarin kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin bilic), cikawa kawai za a yi a rufe gam. In na rijiya ne ko na masu tallar ruwa, a ɗiga bilic ɗigo 2 a kowace lita, matuƙar ƙarfinsa da ke rubuce a jikin gora ya kai kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari. Jarka mai lita 20 za ta ci ɗigo 40, wato mililita 2, kuma sirinji mara allura ya fi ido iya auna wannan. Ruwa mai gurɓi a fara tace shi da tsumma mai tsabta, sannan a ninka bilicin. A jira minti 30 kafin a sha. Ya kamata a ji ɗan warin kulorin kaɗan. In ba a ji komai ba, wataƙila bilicin ya tsufa, don ƙarfinsa yana raguwa da zafi da daɗewa, sai a sake ɗigawa a ƙara jira.

Ki rubuta kwanan wata a jikin kowace jarka, ki sauya ruwan duk wata 6 (tsohon ya tafi wanki). Ki ɓoye su daga rana, in ba haka ba gansakuka za ta fito. Sannan tunda a bene kuke, ki tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce. Duro mai lita 200 nauyin manya uku ne a tsaye a kan tabo ɗaya dare da rana, don haka kada a kafa shi a baranda. Gara a rarraba jarkoki a jikin bango. Duk abin da aka tara ruwa a ciki kuma a rufe bakinsa, domin sauron da ke yaɗa zazzaɓin dengi da shawara a irin wannan ruwan mai tsabta yake yin ƙwai.

TAMBAYA: Na daure na sayi buhun shinkafa da rabin buhun wake don ajiya, ko wata uku ba a yi ba ƙwari suka mayar da waken gari. Wani abokina ya ce in sa ƙwayar nan da ake jefawa a rumbu. Ya halatta a ɗakin kwana? Daga wani magidanci.

AMSA: Malam, kada ka kuskura. Wannan ƙwayar, da zarar ta sha danshin iska, tana fitar da iskar fosfin, wadda ke ratsa buhu da ƙofa da tsagar bango, kuma ta sha kashe mutane suna barci, yara ne ma suka fi saurin tafiya. Aikin ƙwararru ce a sito, nesa da inda ake kwana.

Abin da ya faru da wakenka shi ne, ƙwarin ba daga waje suka shigo ba. Tun daga gona ko sito ƙwansu yake jikin waken, ɗumin ɗaki ya ƙyanƙyashe su. Maganinsu na kyauta shi ne hana su iska. A cika gorar roba busasshiya ko jarka har wuya, a bubbuga ta a ƙasa hatsin ya zauna, a ƙara cikawa, a shimfiɗa 'yar leda a baki a murɗa murfi sosai. Ƙwarin da kansu za su shanye 'yar iskar da ta rage su mutu. A kan wannan dabarar aka yi buhun PICS mai ruɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro. Inda mutane ke yin kuskure shi ne su cika rabin jarka, ko su riƙa buɗewa kullum suna ɗiba. Shi ya sa ƙananan goruna da yawa suka fi babbar jarka ɗaya: ka buɗe guda, sauran suna rufe. Mai firiza kuma zai iya sa hatsin a ciki mako guda kafin ya ɗura, amma ya bar ledar a ɗaure har sanyin ya fita, kada raɓa ta sauka a kan hatsin.

Danshi ya fi ƙwari sharri, domin hatsi mai laima in aka toshe shi funfuna yake yi, wata funfunar kuma, musamman a masara da gyaɗa, tana barin gubar aflatoksin wadda girki ba ya kashewa, hanta take ci. Akwai gwaji mai sauƙi: a samu kwalbar gilashi busasshiya, a zuba hatsin da cokali biyu na busasshen gishiri, a rufe, a girgiza, a bar ta kamar minti 15, a sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, hatsin bai bushe ba, a mayar da shi rana. Farar shinkafa tana shekaru in ta bushe an kuma toshe ta, amma mai dusa a jiki watanni kawai take yi, saboda man da ke cikin dusar yana lalacewa. A ɗora kayan a kan katako, a ɗan janye su daga bango, in kuma akwai ɓeraye a sa gorunan a cikin duro na ƙarfe, don roba ba ta gagarar haƙorinsu.

TAMBAYA: Nawa ne ya isa? Kuma ina ganin ana karya farashin abincin gwangwani da wa'adinsa ya kusa cika, in kwasa? Daga wata ma'aikaciya.

AMSA: 'Yar'uwa, ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi shi ne kalori 2,100 ga mutum a rana. Giram 400 na shinkafa, da 100 na wake, da 30 na mai, da 20 na sukari sun kai hakan. Gida mai mutum biyar a mako biyu zai buƙaci kusan kilo 28 na shinkafa, kilo 7 na wake, da lita biyu da ɗan ɗori na mai. Ba a rana ɗaya ake haɗa wannan ba. Duk cefane a ƙara abu ɗaya, kuma abin da gidan ya saba ci. A ra'ayinmu, asarar da ta fi yawa a wannan harka ita ce sayen baƙon abinci a kulle shi shekara biyu a zubar. Sabo ya koma baya, tsoho ya shiga tukunya, to babu abin da zai lalace, kuɗin ajiyar ma kuɗin cefane ne da aka gabatar.

Gwangwani yana da amfani ɗaya babba: ba ya buƙatar ruwa ko wutar girki. A samu na kwana uku. Mai kifi ko nama yakan kai shekara 2 zuwa 5, mai tsami irin tumatir wata 12 zuwa 18, don tsamin yana cin ƙarfen. Mai arhar nan ki saya daidai wanda za ku cinye kafin wa'adin, amma ki juya kowanne a hannu. Wanda ya kumbura, ko yake tsiyaya, ko ya lotse a kan ɗinkin baki, ko tsatsa ta ci shi, ko kyauta ne kada ki karɓa, ko ɗanɗanawa ma kada a yi, domin gubar botulinum ba lallai ta canza wari ko ɗanɗano ba.

TAMBAYA: Ina so in ajiye jarkar fetur biyu a kicin saboda janareta. Akwai matsala? Daga wani ɗan kasuwa.

AMSA: Akwai, Alhaji. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi har ya iske wuta ko tartsatsin soket, ga shi kuma man yana fara lalacewa cikin 'yan watanni. A gidan haya mai cunkoso, abin da ke tankin janareta ya wadatar. Shi kansa janaretan a kunna shi a fili, aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, gawayi ma kada a hura shi a rufaffen ɗaki, domin iskar kabon monoksayid da suke fitarwa guba ce, kuma ba ta da wari ba ta da launi. Ka rage buƙatar makamashin ya fi: a jiƙa wake ya kwana, shinkafa kuma in ta tafasa minti biyar a sauke a naɗe tukunyar da bargo mai kauri, za ta ƙarasa nuna da zafinta. Tocila ta fi kyandir aminci, sai dai a cire mata batir in za a ajiye, kada ya tsiyaya ya ci ƙarfen. Fawa bank a duba cajinsa duk wata uku. In wuta ta ɗauke, firji a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, cikakken firiza awa 48, mai rabi awa 24.

TAMBAYA: Mahaifinmu yana da ciwon sukari, allurar insulin yake yi. Yaya za mu yi da magunguna? Daga wani ɗalibi.

AMSA: Allah Ya ƙara wa Baba lafiya. Ku roƙi likitansa ya riƙa rubuta maganin da ɗan rara, ta yadda kullum akwai na mako ɗaya ko biyu a gaba, ana amfani da tsohon ana ajiye sabon. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma in ya daskare ya lalace, don haka kada a manna shi da ƙanƙara. Yawancin nau'o'insa in an buɗe suna kai kwana 28 a ɗaki matuƙar zafi bai wuce digiri 30 ba, amma a karanta takardar da ke cikin kwalin. Sauran magunguna a raba su da kicin da banɗaki saboda zafi da danshi.

Ku haɗa da ƙullin gishiri da sukari na gudawa, don bayan ambaliya ita ce ke fara bayyana. In ya ƙare, a haɗa na gida: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, cokalin shayi 6 na sukari a shafe, da rabin cokalin shayi na gishiri, kuma abin da ya wuce awa 24 a zubar a haɗa sabo. Sunayen magungunan Baba da adadin da yake sha a rubuta su a takarda, a sa a leda mai zif tare da kwafin katin shaida, da lambobin waya, da ƙananan takardun kuɗi, a rataye ledar sama kusa da ƙofa, inda kowa a gidan ya san wurin.