KU TAMBAYA MU AMSA: Garin makiyaya a dajin Paraguwai

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam, da hwatan kana lahiya kai da iyali. Ni makiyayi ne ɗan makiyayi amma yanzu tsuhwa ya zaunar da ni Tawa ina ɗan saye da saidar dabbobi. Ɗan ƙanena da ke karatun noma a Yamai ya turo mini wani bidiyo a WhatsApp na wani gari wai shi Loma Plata a ƙasar Paraguwai, ya ce wurin zahi ne kamar namu, rijiyoyinsu ma ruwan gishiri ne, amma nononsu har babban birni ana sha. Don Allah gaskiya ne ko irin abin intanet ne, kuma ina ma ƙasar take? Daga wani dattijo a Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗanka bai yi maka ƙarya ba. Paraguwai tana Amurka ta Kudu tsakanin Birazil da Ajantina da Bolibiya, ba ta da teku kamar dai Nijar, babban birninta Asunsiyon, mutanenta sun ɗan haura miliyon 6. Kogin Paraguwai ya raba ta biyu, gabas akwai ruwan sama da dausayi kuma can kusan kowa yake, yamma kuwa shi ne Cako, wajen kashi 60 cikin 100 na ƙasar amma mutanensa ba su kai kashi 5 ba. Daji ne na ƙaya, shimfiɗaɗɗe, zahi na wuce digiri 40, ga wata iskar arewa mai ƙura. Loma Plata na tsakiyarsa a jihar Bokeron, fiye da kilometir 400 daga Asunsiyon.

Sai dai in gyara wa yaron abu guda, ruwan samansu ya hi namu. Tsakiyar Cako na samun wajen milimetir 800 a shekara, mu a Tawa in an samu 400 ai sai hamdala. To kada a ce mana daidai muke. Inda muka haɗu shi ne ruwan na zuwa cikin 'yan watanni ya ɗauke, babu kogi kusa, su kuma a can in ka haƙa ƙasa galibi ruwan gishiri za ka tarar, dabba ma ba ta sha.

Waɗanda suka kafa garin wasu Kiristoci ne da ake ce wa Menonit, masu wani karin harshen Jamusanci, a addininsu ba sa ɗaukar bindiga. A Kanada suke zaune, da gwamnati ta tilasta a koyar da yaransu da Ingilishi a lakwal sai suka nemi wata ƙasa, Paraguwai ta yi musu doka a 1921 cewa ba za su shiga soja ba kuma su riƙe makarantunsu. Wajen mutum 1,700 suka taso, suka sauka tashar jirgin ruwa ta Puwarto Kasado a 1926 da 1927, nan suka zauna fiye da shekara cikin tantuna suna jiran a auna musu hili, annoba ta shige su, fiye da mutum 100 suka rasu yawanci yara ƙanana, wasu ɗaruruwa suka ce ba za su iya ba suka koma Kanada. Wallahi duk lokacin da na karanta wannan wurin sai jikina ya yi sanyi. Sauran suka shiga daji da amalanken shanu. Ba su gama zama ba yaƙin Cako ya ɓarke tsakanin Paraguwai da Bolibiya daga 1932 zuwa 1935, sojoji na ratsa gonakinsu.

Shekara wajen 30 talauci suka sha Baba, ba irin abin da ka gani a bidiyo ba. Suna noma kaɗa da gujiya da dawa, amma kafin kaya ya kai kasuwa sai a ɗora shi a amalanke kwana da kwanaki zuwa ƙarshen layin jirgin ƙasa, daga nan zuwa bakin kogi, sannan jirgin ruwa zuwa Asunsiyon. Wa zai kai nono ta wannan hanya? Sai da hanyar mota ta Tarans-Cako ta iso musu wajen 1961 sannan abubuwa suka juya, daga baya aka sa mata gudron.

Ruwa kuwa kama shi suke tun daga sama. Kusan kowane gida rufin kwano ne da indararo, ruwan na gangarawa cikin sitan da aka gina a ƙasa, shi ake sha har rani ya wuce. Na dabbobi kuma su haƙa babban tabki su gyara hilin da ke kewaye yadda duk abin da ya zuba zai malalo ciki, sannan a tura shi da pampo zuwa wani tabkin da aka ɗaga a kan tudu, daga nan ya bi tiyo zuwa kwamin shan ruwa. Mutanen Ader wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, wanda ya ga aikin Keita tun 1984 ko ramukan tare ruwan sama na tassa da rabin wata na wajen Badagishiri ya san amfanin tare ruwa. 'Yan shekarun nan ma an ja musu tiyo na kusan kilometir 200 daga kogin Paraguwai.

Amma ni abin da ya hi tsaya mini a rai shi ne koperatif ɗinsu, Chortitzer. Manomi guda ba ya iya sayen injin sanyaya nono ko kamyon, to sai suka haɗa, koperatif ce ke bin ƙauyuka tana kwasar nono, tana da masana'antarta inda ake yin madarar kwali da cuku da yawur da sunan Trébol wanda ke cikin manyan sunaye a ƙasar, tana da mahauta ta zamani, har asibiti da gyaran hanyoyi duk da kuɗin membobi ake yi. Mu kuma muna da saniyar Azawak da duk Sahel aka san ta da nono, da damina a wajen Abalak nono na yin yawa har ya rasa mai saye, a lokacin nan kuma Yamai ana dama garin madara da aka shigo da shi daga waje. Wannan abin na ci mini rai ƙwarai, don abin da ya rage tsakanin ruga da birni mota mai sanyi ce da hanya da ƙungiyar da za a amince wa da kuɗi.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni malamar lakwal ce a Yamai, mun yi maganar garin nan da 'yar uwata, shin da suka zo ba su tarar da kowa a dajin ba?

AMSA: Lahiya lau Malama, kin yi tambayar da ya kamata. Sun tarar. Mutanen Enlet ne ke wurin tun asali, suna farauta da tsintar 'ya'yan itace, su ne ma suka nuna wa baƙin inda ruwa mai daɗi yake. Daga baya Nibakle da Ayoreyo suka matso neman aiki. Hilin kuwa ba a hannunsu aka saye shi ba, gwamnati ta riga ta saida miliyoyin eka ga kamfanin Karlos Kasado tun ƙarshen ƙarni na 19 ba tare da an tambaye su ba. Yau da yawansu leburori ne a gonaki da wuraren kiwo, suna zaune a unguwannin gefen gari, an yi musu makarantu da asibitoci da wasu hilayen noma amma tazarar arziki tsakaninsu da masu koperatif babba ce. Ga kuma sarar daji, Cako na cikin wuraren da aka hi saurin share itace a duniya saboda kiwon shanu, ba Menonit kaɗai ba har da manyan masu kuɗi daga Birazil, kuma akwai wasu Ayoreyo da har yau suke cikin daji suna gudun mutane, dajin na ƙarewa a kansu. Ban yarda a yaba nonon a ɓoye wannan ba.

TAMBAYA: Yaya barka da aiki. Wace ciyawa suke shuka wa shanunsu, za ta yi a wajenmu? Daga ƙanenka a Tawa.

AMSA: Barka kadai ƙanena. Iri biyu suka hi shukawa, bufel da gaton, kuma duka asalinsu Afirka ne. Gaton na son ruwa fiye da abin da muke samu, ka bar ta. Bufel 'yar uwar ƙarangiya ce, tana jure fari kuma ba ta mutuwa da rani, saiwarta na nan sai ta sake tohowa. Ka je wurin ma'aikatan kiwo na jiha ko na cibiyar binciken noma ta INRAN su duba maka irin ƙasarka, ka gwada a ɗan hili cikin ramukan rabin wata, kuma ka killace shi damina ta farko don in awaki suka same ta tana ƙarama ba za su bar komi ba.