Tambayi Likita: aikin motar asibiti da taimakon gaggawa

Tambaya: Salam likita, ni ɗan agaji ne a unguwarmu, burina in samu aiki a motar asibiti. Me ya kamata in fara iyawa? Abokaina sun ce allura da ƙarin ruwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Allura da ƙarin ruwa ka bar su tukuna, za a koya maka a makaranta, kuma ba su ne ke ceton rai a mintunan farko ba. Abin da za ka fara iyawa shi ne duba mutum bi da bi ba tare da ka ruɗe ba. Kana isa wuri ka fara duba lafiyar wurin, akwai wayar wuta a ƙasa? Fetur na zuba? Motoci na wucewa a guje? Sai ka sa safar hannu. In jini na tsartuwa to shi ne na farko, ka danne da tsumma mai tsabta da ƙarfinka, in ya jiƙe ka ɗora wani a kai kar ka ɗaga na ƙasa don leƙawa. Daga nan ka duba ko hanyar iska, wato baki da maƙogwaro, a buɗe take, sai numfashi, sai bugun jini.

Lambobin nan kuma ka haddace su. Babban mutum yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, bugun zuciya 60 zuwa 100, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini ta nuna kashi 95 zuwa sama, suga kuma in ya sauka ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL akwai matsala. Wanda yake cikin mawuyacin hali ka sake aunawa duk bayan minti 5, ka rubuta tare da lokaci ko a bayan safar hannunka ne. Wallahi babu abin da ke ɓata mana rai a emajensi irin a turo mana mutum a ce "likita ga shi nan haɗari ne" shi ke nan, ba a san yaushe ya faru ba, ba a san ko ya yi magana a hanya ba, alhali wanda ya ce mini ƙarfe 4 bugunsa 90 ne yanzu ya kai 130 ya riga ya gaya mini wataƙila jini na zuba a ciki. Sannan ka riƙa suturta mutane, musamman mata, ka faɗi abin da za ka yi kafin ka taɓa.

Tambaya: Likita ni direba ne, ina bin hanyar Kaduna zuwa Zariya. In an yi haɗari sai ka ga ana jan mutane ana zuba musu ruwa, daidai ne? Kuma muna tsoron kai mutum asibiti a riƙe mu.

Amsa: Malam direba Allah ya tsare hanya. Jan nan da ake yi, ɗaya ya kama hannu ɗaya ƙafa kai na reto, yana iya mayar da karayar wuya ta zama shanyewar jiki har abada. In ba wuta ko wani haɗarin ke tafe ba, a bar mutum inda yake, wani ya durƙusa ya riƙe kansa da hannu biyu kar ya motsa. In dole sai an ɗauka, a samu katako ko ƙofa, mutum uku ko huɗu su juya shi gaba ɗaya, kai da wuya da baya a layi guda. Ruwa kuma kar a ɗura wa wanda ya suma, cikin huhu zai iya tafiya. Ka ajiye 122 a wayarka, ta 'yan Road Safety ce, da 112 ta gaggawa. Maganar tsoro kuwa, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar gaggawa, akwai kuma ta 2017 da ta wajabta a yi wa wanda aka harba magani ba sai an jira takardar 'yan sanda ba. Na san ba ko'ina ake bi ba, amma doka tana bayanka.

Tambaya: Likita baban yarana yana da hawan jini da suga, in ya faɗi Allah ya kiyaye, yaushe ake danna ƙirjin nan?

Amsa: Amin Hajiya. Ki kira sunansa ki girgiza kafaɗarsa, ki kalli ƙirji kamar daƙiƙa 10. In yana numfashi daidai ba a dannawa, ki kwantar da shi a gefe don kar amai ya shaƙe shi. In ba ya numfashi ko yana wani irin shaƙuwa jefi-jefi, ki tura a kira taimako, ki sauko da shi ƙasa ba kan katifa ba, ki ɗora hannu kan hannu a tsakiyar ƙirji ki danna ya shiga kamar santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda aka horar yana danna sau 30 ya hura iska a baki sau 2, ke ki yi ta dannawa kawai. Mai suga kuma in ya fara gumi da rawar jiki da surutai amma yana iya haɗiya, ki ba shi lemon kwalba ko ruwan sukari nan take.

Tambaya: Ana sa wa mai farfaɗiya cokali a baki?

Amsa: A'a, haƙori ake karyawa, kuma ba ya haɗiye harshensa. A kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, kar a danne shi, in ya lafa a juya shi gefe. Yawunsa ba ya yaɗa cutar. In jijjigar ta wuce minti 5, ko mai juna biyu ce, a wuce asibiti.